Tsaro da Sutura: Binciken Jikin Matafiyi a Filin Jirgin Sama

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin sama a wannan zamani ya san akwai wata ƙofa da ba a ƙetare ta sai an miƙa wuya. A bakin wannan ƙofa ne akan ce wa mutum ya ajiye jakarsa, ya zazzage aljihunsa, ya kwance ɗamara, wani lokaci ya tuɓe takalmi, sa'an nan ya ɗaga hannuwansa a gaban na'ura ko a gaban ma'aikaci. Malami da ɗalibinsa, suruki da surukarsa, duk layi ɗaya suke bi, kowa yana kallon kowa.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda binciken ya faro daga kayan matafiyi, ya matso ga tufafinsa, har ya kai ga fatar jikinsa. Za a duba yadda na'urorin suke aiki, da wuraren da aka yi karo tsakanin tsaro da sutura, sa'an nan a yi ƙoƙarin nuna inda ya kamata iyaka ta tsaya. Amma kafin nan, ya kyautu a fara da matsayin jiki a wurin Bahaushe, domin da wannan ido ne yawancin masu karatu za su dubi al'amarin.

2.0 Jiki da Sutura a Wurin Bahaushe

Kalmar sutura ararriya ce daga Larabci, asalin ma'anarta kuwa rufewa. Bahaushe ya kira tufafinsa sutura, ya kuma kira shirya gawa da sa mata likkafani sutura. Watau tun daga zanen goyo har zuwa kabari, ana ganin jikin ɗan Adam abu ne da ya cancanci a rufe. Babbar addu'ar da Bahaushe yake yi wa kansa da ɗan'uwansa ita ce Allah ya rufa asiri, babbar masifar da yake gudu kuwa ita ce tonon silili a bainar jama'a. A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, kunya da mutunci suna cikin halaye goma da ya lissafa. Addinin Musulunci ya ƙara wa wannan ƙarfi da hukunce-hukuncen al'aura, inda aka iyakance abin da namiji ko mace za su iya bayyanawa, da wanda za su iya bayyana wa.

Tsarin gidan Bahaushe ma haka yake. Baƙo namiji iyakarsa zaure, a wasu gidajen ma akan rubuta "ba shiga" a jikin bango. A da, a ƙofofin birane irin su Kano akwai sarakunan ƙofa masu lura da shige da fice da kayan fatake, amma abin da idonsu yake kai shi ne kaya da dabbobi. A al'adance, ba a sa hannu a laluba jikin baligi sai an tuhume shi da sata. Saboda haka idan aka tsayar da dattijo aka shafa shi daga kafaɗa har idon sawu, abin da zuciyarsa take fara raya masa shi ne an ɗauke shi ɓarawo, ko da ma'aikacin bai nufi haka ba.

3.0 Daga Kaya Zuwa Jiki

Har zuwa ƙarshen shekarun 1960, a yawancin ƙasashe mutum yakan shiga jirgin sama kamar yadda yake shiga jirgin ƙasa, ba mai buɗe masa jaka. Fashin jirage ne ya kawo ƙarshen wannan sakewa. Tsakanin 1968 da 1972 an yi fashin jiragen Amurka fiye da 130, da yawa daga cikinsu aka tilasta musu sauka a Kyuba. A watan Nuwamba na 1972 wasu 'yan fashi uku suka yi barazanar faɗawa da jirgi a kan cibiyar nukiliya ta Oak Ridge. Daga 5 ga Janairu, 1973, gwamnatin Amurka ta wajabta a binciki kowane fasinja da jakar hannunsa. A 1974 kuma hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya ta zartar da ƙa'idojin tsaro ga ƙasashen da ke cikinta. Abin da ake nema a wancan lokaci ƙarfe ne, watau bindiga da wuƙa, don haka ƙofar gano ƙarfe ta wadatar, ba a bukatar taɓa kowa sai wanda ta yi wa ƙara.

A shekarun 1980 hankali ya koma ga akwatunan da ake lodawa a cikin jirgi. A ranar 21 ga Disamba, 1988, bam ya tarwatsa jirgin Pan Am a samaniyar Lockerbie ta ƙasar Skotlan, mutum 270 suka halaka. Ba a cika shekara ba, ranar 19 ga Satumba, 1989, jirgin kamfanin UTA na Faransa, wanda ya taso daga Barazabil ya yada zango a Njamaina, ya tarwatse a kan hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, duk mutum 170 da ke ciki suka rasu. A duka biyun, a cikin akwati aka ɓoye bam ɗin.

Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, Amurka ta kafa hukumar tsaron sufuri a watan Nuwamba na wannan shekara. Daga nan ne binciken ya fara matsowa ga jiki, mataki bayan mataki. A Disamba 2001 wani ɗan ƙasar Ingila mai suna Richard Reid ya yi yunƙurin tayar da bam da ya ɓoye a takalminsa, a jirgin da ya taso daga Faransa zuwa Amurka. Wannan ne asalin tuɓe takalmi, wanda aka wajabta wa kowa a Amurka a 2006, ba a kuma ɗage shi ba sai a watan Yuli na 2025. A Agusta 2004 wasu mata biyu suka tarwatsa jirage biyu da suka tashi daga Masko, sai aka tsananta laluben jiki a Amurka, har kokekoken mata suka sa aka sassauta shi kafin shekarar ta ƙare. A Agusta 2006 aka bankaɗo wani shiri a Ingila na haɗa bam da ruwan sinadari, sai aka iyakance duk wani abu mai ruwa ga mililita 100 a kwalba.

Mataki na ƙarshe ya shafi Nijeriya kai tsaye. Ranar 25 ga Disamba, 2009, Umar Faruk Abdulmutallab, wanda ya taso daga Legas ya canza jirgi a Amstadam, ya yi yunƙurin tayar da garin sinadarin fashewa da aka ɗinke a cikin kamfansa, jirgin yana gab da sauka a Detroit. Abin bai tashi yadda aka shirya ba, fasinjoji suka danne shi, daga baya aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2012. Tun da babu ƙarfe a jikinsa, ƙofar gano ƙarfe ba ta da abin da za ta ji. Na'urar haska jiki, wadda ake amfani da ita a filin jirgin Amstadam tun 2007, sai ta zama abin da kowace gwamnati take rububin saye, hukumomin Nijeriya ma suka sanar cewa za su kafa ta. Mai karatu zai lura cewa kowane mataki martani ne ga harin da ya riga ya faru, kuma kowane mataki ya fi na bayansa kusantar al'aura.

4.0 Yadda Na'urorin Suke Aiki

Ƙofar gano ƙarfe ba ta ganin komai. Maganaɗisu take bazawa, in ƙarfe ya gitta sai ta yi ƙara. Na'urar haska jiki kuwa iri biyu ce. Ta farko tana amfani da hasken eksire mai rauni, wanda yake ratsa tufafi ya dawo daga fata, sai hoton surar mutum ya fito kamar ba ya sanye da komai. Ta biyu tana amfani da gajerun igiyoyin rediyo. Mutum yakan tsaya a cikin wani ɗan keji na gilashi, sanduna biyu su kewaya shi cikin 'yan daƙiƙoƙi, igiyoyin su ratsa yadi su dawo daga fata. Ba ta ganin abin da ke cikin ciki, iyakarta abin da ke tsakanin riga da jiki.

Da farko, duka nau'o'in biyu hoton jiki na ainihi suke nunawa, wani ma'aikaci yana zaune a ɗaki dabam yana kallo. Daga 2011 Amurka ta fara sa wa nau'i na biyu wata manhaja wadda take karanta hoton da kanta, ba tare da wani ya gan shi ba. Abin da yake fitowa a allo zanen mutum-mutumi ne iri ɗaya ga kowa, in akwai abin shakka sai a ga alama a daidai wurin. Nau'i na farko kuwa, Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a Nuwamba 2011 saboda tsoron illar hasken ga lafiya. Amurka ma ta kwashe shi daga filayenta a 2013, domin kamfanin da ya ƙera shi ya kasa samar da irin wannan manhaja a wa'adin da majalisa ta ɗiba.

Wajibi ne a fahimci cewa na'urar ba ta san bam ba. Abin da ta sani shi ne a nan akwai wani abu da ya saɓa wa surar da aka koya mata. A gwajin da Jamus ta yi a Hamburg tsakanin 2010 da 2011, an tarar gumi da ninkin tufafi suna yawan sa ta yi kuskure. To, in haka ne, mai babbar riga da rawani, da mai ɗauke da laya ko guru, da mace mai jigida ko kitso mai kauri, da majinyaci mai ɗaurin rauni, duk sun fi mai shat da wando kusa da a tsayar da su. Duk inda na'ura ta yi alama kuwa, hannu ne zai bi ya tabbatar. A ƙa'idar Amurka, namiji ne yake laluben namiji, mace ta lalubi mace, ana amfani da bayan hannu a wurare masu kunya, kuma matafiyi yana da ikon neman a kai shi keɓaɓɓen ɗaki tare da shaidar da ya zaɓa.

5.0 Inda Aka Yi Karo

Shekarar 2010 ita ce shekarar gardama. A watan Fabrairu majalisar malaman fiƙihu ta Arewacin Amurka ta ba da fatawa cewa na'urar da ke nuna tsiraici ta saɓa wa koyarwar Musulunci, ta shawarci Musulmi su zaɓi lalube daga jinsinsu. A watan Maris aka ba da labarin mata biyu da aka hana shiga jirgin Pakistan a Manchester domin sun ƙi shiga na'urar, ɗaya saboda addini, ɗaya saboda rashin lafiya. A lokacin, dokar Ingila ita ce wanda ya ƙi na'ura ba zai tashi ba, sai a 2013 aka ba da zaɓin lalube a keɓe. Har wa yau a 2010 ne ta bayyana cewa an adana hotunan jiki kimanin 35,000 daga irin wannan na'ura a wata kotu a jihar Florida, ɗari daga ciki har suka fita a intanet. Ko da yake ba a filin jirgi abin ya faru ba, ya raunana alkawarin da hukumomi suke yi cewa ba a ajiye hoton kowa. A watan Nuwamba kuma, wani dattijo mai fama da ciwon mafitsara ya shiga jirgi a Detroit jiƙe da fitsari, domin mai lalube ya fasa jakar da ke manne a cikinsa, alhali ya yi ƙoƙarin yi masa bayani. Shugaban hukumar da kansa ya ba shi haƙuri.

Rawani da gashi ma sun jawo nasu rikicin. A 2007 mabiya addinin Sikh, waɗanda rawani wajibi ne a kansu, suka yi ƙorafi a kan wata sabuwar ƙa'ida ta taɓa rawani a Amurka, aka gyara ta cikin 'yan watanni. Daga baya aka saba da wata hanya mai sauƙi: mai rawani ya shafa rawaninsa da kansa, sai a goge tafinsa da ɗan ƙyalle, a sa a na'urar da ke gano ɓurɓushin sinadari. Mata baƙar fata kuma sun daɗe suna kukan ana cusa musu yatsu cikin kitso, har hukumar ta amince a 2015 za ta sake horar da ma'aikatanta.

Akwai kuma wariya ta fasfo. A Janairu 2010 Amurka ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashe 14 da za a yi wa duk wanda ya fito daga cikinsu ƙarin bincike, tare da Sudan da Somaliya da Aljeriya da sauransu. An ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, amma ɗora laifin mutum guda a kan al'umma ɗungum bai yi kama da adalci ba, aka kuwa soke jerin a watan Afrilu na wannan shekara.

Mafi munin abin da ya faru shi ne na filin jirgin Doha a ƙasar Katar, ranar 2 ga Oktoba, 2020. An tsinci jaririya da aka yar a makewayi, sai aka sauko da mata daga jirage goma, aka duba al'aurar wasunsu a cikin motocin asibiti don a gano wadda ta haihu, ba tare da an yi musu bayani ko an nemi yardarsu ba. Ostareliya, wadda 'yan ƙasarta suke cikin matan, ta yi Allah wadai, gwamnatin Katar ta ba da haƙuri ta kuma gurfanar da wasu jami'ai. Wannan ba binciken tsaro na yau da kullum ba ne, amma ya nuna inda akan dosa idan mai iko ya saba ganin jikin matafiyi tamkar akwati.

6.0 Iyakar Lalura

Ba mai hankalin da zai ce a daina bincike. Jirgin da ke sama ba ya tsayawa a gefen hanya, ran ɗaruruwan mutane yana rataye ga amincin kowane ɗaya daga cikinsu, kuma rigakafi ya fi magani. Tambayar ita ce, ina iyaka?

Wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta amsa tun 1973, a shari'ar da aka sani da sunan Davis. Ta halatta binciken kowa ba tare da tuhuma ba, bisa sharaɗin kada ya wuce abin da ake bukata don gano makami, kuma mutum yana iya kauce masa ta hanyar fasa tafiya. Sharaɗi na farko ya yi daidai da ƙa'idar malaman fiƙihu cewa lalura tana halatta abin da aka hana, amma gwargwadonta ake ɗiba. Da wannan ƙa'ida ce likita yake duba majinyaci, ya buɗe wurin ciwo ya bar sauran jiki a rufe. Sharaɗi na biyu kuwa yana da rauni. Kakanninmu sun tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, wasu suka shekara da shekaru a hanya, amma maniyyacin yau ba shi da wata hanya sai jirgi. Haka ɗalibi mai neman ilmi a waje, da majinyaci mai neman magani. Yardar da mutum ya bayar alhali ba shi da zaɓi, ba za a kafa hujja da ita a yi masa duk abin da aka ga dama ba.

Daga abin da ya gabata, ana iya fitar da ma'auni huɗu. Na farko, binciken ya kasance yana da amfani na gaske. A 2015 masu sa ido na gwamnatin Amurka sun gwada wucewa da makaman bogi sau 70, suka yi nasara sau 67. Shi kansa Abdulmutallab, mahaifinsa ya kai rahoton damuwarsa ga ofishin jakadancin Amurka a Abuja tun watan Nuwamba na 2009, Shugaba Obama kuma ya amsa cewa bayanan suna hannu, haɗa su ne aka kasa yi. Na biyu, a ɗauki hanya mafi sauƙin tozarci muddin za ta biya bukata, kamar zanen mutum-mutumi a madadin hoton tsiraici. Na uku, a yi wa kowa daidai, ba tare da duba launi ko sutura ko fasfo ba. Na huɗu, abin da aka gani ya ƙare a wurin, kada a adana shi. Wannan na ƙarshe ya ƙara muhimmanci yanzu da filaye da yawa suka shiga ɗaukar hoton fuska don tantance matafiya.

Dokokin Nijeriya ma ba su yi shiru ba. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya kare mutuncin ɗan Adam, sashe na 37 ya kare sirrinsa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi cewa ko wanda ake tuhuma, in za a caje shi, a yi cikin mutunci, kuma jinsinsa ne zai yi, sai fa in akwai gaggawar da ta hana. In wanda ake tuhuma yana da wannan hakki, matafiyin da ba a tuhumarsa da komai ya fi cancanta da shi.

7.0 Kammalawa

An ga yadda binciken filin jirgin sama ya tashi daga jaka a 1973 ya kai ga fata a 2010, da yadda kowane mataki ya biyo bayan wani hari. An kuma ga cewa a wuraren da jama'a suka ɗaga murya, an sami hanyar da ta kiyaye tsaro ba tare da yaye sutura ba: aka sauya hoto da zane, aka ba da zaɓin lalube a keɓe, aka bar mai rawani ya shafa rawaninsa. Ashe dabarar tana nan, ba a dai neme ta ba sai da aka matsa.

Ga matafiyi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ya rage abin da zai sa a tsayar da shi tun daga gida, ya faɗi lalurar jikinsa kafin a taɓa shi, ya kuma san cewa neman mai bincike daga jinsinsa ko keɓaɓɓen ɗaki ba rashin ladabi ba ne. Mai niƙabi tana iya neman mace ta duba fuskarta. Ga hukumomi kuwa, horar da ma'aikaci ya yi sallama, ya faɗi abin da zai yi kafin ya miƙa hannu, bai kai kuɗin na'ura ɗaya ba. Akwai kuma aiki a gaban masu nazarin harshe, domin yawancin sanarwar da ke filayen jiragenmu da Turanci take, alhali dubban maniyyata da ke tashi daga Kano da Sakkwato da Katsina Hausa suke ji. Hausawa sun ce tsira da mutunci ya fi tsira da kaya. A filin jirgin sama, hakkin matafiyi ne ya tsira da ransa da mutuncinsa gaba ɗaya.